Kazar Delu da Dokar Koma

Kaji biyar Delu take da su a shekarar da aka zaɓi sababbin depite, wato 'yan majalisa. Mijinta Illo masunci ne a tabkin Madarumfa, mutumin kirki, sai dai murna ba ta zama a cikinsa. Shi ya tasa depiten yankinsu gaba, har ya yarda zai kai wa Majalisa a Yamai buƙatar masunta: a hana koma mai ƙananan ido, wadda ke kwashe 'ya'yan kifi.

Ranar da rediyo ta ce an miƙa daftarin dokar, Illo ya shigo gida da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Delu, an yi doka! Kamo zakara!"

A saninsa, in mai gari ya faɗi magana da safe, sanƙira ya yi shela da hantsi, shi ke nan ta zauna. Masunta suka cika zaure, aka lashe zakara har ƙashi. Washegari masu ƙaramar koma suka shiga ruwa abinsu.

Bayan wata biyu rediyo ta ce komisiyon, wato kwamitin Majalisa, ya amince. Zakara na biyu ya tafi. Aka yi muhawara, na uku ya bi shi. Ranar ƙuri'a Illo ya taka rawa har wandonsa ya yage, kaza ta huɗu ta shiga tukunya.

Saura Wake-wake, mai yi mata ƙwai, wadda uwarta ta ba ta. Ran Delu ya ɓaci ƙwarai. Ta ɗauki mayafi ta nufi lakwal, makarantar boko, wurin Mushe Idi, malamin yara.

"Mushe, don Allah, dokag ga ƙofa nawa gare ta?"

Ya lissafa mata matakan da doka ke bi tun daga farko har ƙarshe. Ta sa ya maimaita sau uku, ta haddace tsaf.

Ana nan, wata Laraba da azahar, sai ga Illo da wuƙa, masunta goma a bayansa suna tafi.

"Shugaban ƙasa ya sa hannu! Yau kam ta tabbata! Ina Wake-wake?"

Delu ta tsaya a bakin akurki ta riƙe ƙugu.

"Maigida, an buga ta a jaridar gwamnati?"

"Wace jarida kuma?"

"Ka gani? In ba a buga ba, ba ta hau kan kowa ba. Sau huɗu kana ci mini kaji a kan rabin doka. Tahi ka kawo takarda, Mushe ya karanta mamu."

Masunta suka fashe da dariya. Illo ya dubi wuƙa, ya dubi matarsa, ya mai da wuƙar kube.

Jaridar ba ta iso Madarumfa ba sai bayan sati bakwai, a motar Maraɗi. Illo ya shigo yana ɗaga ta sama, ya tarar da Wake-wake tana yawo a tsakar gida da 'yan tsaki goma sha ɗaya.

Delu ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

"Yanzu ta zama doka, Maigida. Uwar 'ya'ya kuwa ba a yanka ta, kai ka koya ma Yamai haka. Ɗauki komarka ka kamo mamu babban kihi."