Shaidar Tanvir a Kwanar Ƙarshe

Godiya ta tabbata ga Allah Mai gani, wanda babu abin da ke ɓuya gare Shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

A birnin Lahore na ƙasar Pakistan akwai wata ƙungiya ta masu sha'awar tseren mota, waɗanda kan taru ƙarshen mako a filin wata tsohuwar masaƙa. Sukan jera robobi masu tsini su zama hanya, kowa ya bi shi kaɗai ana auna lokacinsa. Ƙa'idarsu ita ce wanda ba ya tuƙi ya tsaya gadin kwanar hanya. In mota ta ture roba, ya ɗaga jar tuta a ƙara wa direban lokaci.

Malam Tanvir Bhatti, mai sayar da littattafai, an san shi a cikinsu da riƙon amana. A wannan makon ya zo tare da Chaudhry Liaqat, uban mijin 'yarsa Areeba, wadda ba ta daɗe da tarewa ba. Ranar Asabar aka koya musu gyaran mota: a shafa alli a gefen taya, a zagaya, a duba inda allin ya goge, sannan a rage iska ko a ƙara. Mai koyarwa ya ce tayoyin bayan Liaqat sun cika iska, motar za ta riƙa wurga gindi. Liaqat ya yi dariya, ya ce yana tuƙi tun malamin yana goye.

Ranar Lahadi gadin kwanar ƙarshe ya faɗo kan Tanvir. Liaqat ya shigo da ƙarfi, gindin motar ya zame, ya daki roba ta kwanta. Hannun Tanvir ya kama tutar, amma sai ya tuna cewa a gidan mutumin nan 'yarsa take kwana take tashi, kuma uban amarya ba ya tozarta surukinsa a bainar jama'a. Ya sa ƙafa ya miƙar da robar, ya kawar da kai. Da haka Liaqat ya tsere wa Shahzeb, wani mai kantin magani da ya daɗe yana neman kofin.

Bayan an miƙa kofi aka kawo shayi da samosa. Liaqat, cikin alfahari, ya ciro wayar da ya ɗaura a gilashin baya don ɗaukar bidiyon tserensa, ya ce kowa ya zo ya koyi tuƙi. Mutane suka yi cincirindo ana tsokanarsa. Aka ga robar ta faɗi. Aka ga ƙafar Tanvir.

Shahzeb ya sunkuyar da kai, kamar shi ya yi laifin.

Liaqat ya ajiye kofin a gaban Shahzeb, ya ja Tanvir gefe. Ya ce shi dama an san shi da taurin kai, ƙarin lokaci ba zai kashe shi ba.

"Amma Baban Areeba," in ji shi a hankali, "kana ganin yarinyar nan tana gidan da za a huce a kanta saboda roba? Haka ka ɗauke mu?"

"Yaya, girmanka na duba."

"A'a. Tsorona ka ji."

A mota ɗaya suka koma gari. Liaqat ya sauke shi a ƙofar gida, ya ce Areeba ba za ta ji wannan daga bakinsa ba. Tanvir ya yi godiya bai iya ɗago ido ba, kuma wannan rufin asirin ya fi yi masa nauyi a kan duk abin da ya faru a filin.

Dukansu biyu sun riga mu gidan gaskiya. Allah Ya yafe musu, Ya haskaka makwancinsu, Ya ba mai karatu ƙarfin faɗin abin da idonsa ya gani. Amin.