Kamfanin Ɗana

A ofishin Likita, duk inda ka ɗaga ido suna ɗaya za ka gani. Agogon bango, Kwantaril. Kalanda, Kwantaril. Kofin shayi, biro, takardar rubuta magani, har lemar da ke jingine a bayan ƙofa, duk Kwantaril. Maganin hawan jini ne, mai kawo kayan kuma wani ɗan gaye ne da ma'aikatan asibitin ke kira Mai Jaka, wakilin kamfanin da ke yin maganin. Duk ranar Talata yakan zo, turarensa ya riga shi shiga ɗaki. Ya ajiye 'yar kyauta, ya ajiye takardar bincike mai ƙyalli da ke nuna babu maganin da ya kama ƙafar Kwantaril. Can ƙasan takardar, da rubutun da sai an sa tabarau biyu, an faɗi wanda ya biya kuɗin binciken. Likita tabarau ɗaya yake sawa.

A yi masa adalci, ba mugu ba ne. Ya san akwai wani magani mai farin kwali, ba ado, sinadarinsu ɗaya, kuɗinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Hannu ne dai ya saba. Da ya ɗora biro a takarda, kafin ya gama tunani biron ya gama rubutu.

Wata Talata da hantsi, Gwaggo ta turo ƙofa ba ta bi layi ba. Yayar mahaifinsa ce, ita ta raine shi, saboda haka layi bai shafe ta ba. Wata shida ke nan da ya rubuta mata Kwantaril. Nas ta ɗaura mata abin awon jini, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta juya wa Likita fuskar na'urar. Jinin ya hau sosai. Da irin wannan awon ɓarin jiki ke shanyewa mutum yana tsakiyar hira.

"Gwaggo, kina shan maganin kuwa?"

"Ina sha mana. Litinin da Alhamis."

"Kullum na ce!"

"Kai ka ce kullum, jakata ta ce Litinin da Alhamis. Kuma ita nake kwana da ita."

"To me ya hana ki gaya mini in riƙa saya miki?"

Ta dube shi kamar ya yi ashar. "Ka saya mini kayanka? Ai haka ake karya ɗan kasuwa, dangi su yi ta ɗiba kyauta. Ni ba zan zama sanadin rushewar kamfanin ɗana ba."

Nas ta sami wani aiki na gaggawa a cikin durowa, tana danne dariya.

"Wane kamfani, Gwaggo?"

"Kwanta-rai mana." Haka take kiran maganin. Ta nuna agogo da baki. "Boko dai ban yi nisa ba, amma na iya gane suna. Ga shi a bangonka, ga shi a aljihun rigarka, ga shi a tawul ɗin gidanka. Har hotonka na gani a falo, ka tsaya gaban wani ƙyalle mai ɗauke da sunan kana washe baki. Tela ma sunan shagonsa yake bugawa a ledarsa. Wa zai cika gidansa da sunan wani ƙato in ba nasa ba ne?"

Likita ya dubi biron da ke aljihun rigarsa.

"Mai kemis ɗin layinmu ma baƙin ciki yake maka," ta ci gaba. "Wai ga wani mai farin kwali, aikinsu ɗaya, ya fi arha. Na wanke shi tas. Mata goma sha ɗaya na kawo maka, ɗan nan, duk na raba su da mai arhar. Mai ɗinkin kusa da ni gida huɗu take raba ƙwayar da reza, amma ba ta fasa ba, saboda ni."

Likita ya yi lissafi a ransa. Da ita kaɗai ce, da sai ya haɗa baki da mai kemis ya riƙa sayar mata a rabin kuɗi, asirinsa a rufe. Amma ga mai ɗinki da rezarta, ga sauran goma. Ga kuma awon nan da ke kallonsa.

"Gwaggo, ba kamfanina ba ne."

"Da abokin tarayya kuke?"

"Ko ƙofar kamfanin ban sani ba. Kuma mai kemis gaskiya ya faɗa miki. Aikinsu ɗaya."

Ta gyara zama. "To nawa suke ba ka?"

"Ba kuɗi suke bayarwa ba. Kyauta ce dai, irin ta girmamawa." Ya kalli bango. "Agogo. Da kofi. Bara sun kai mu taro a otal, kwana biyu."

"Agogo," in ji Gwaggo, tana jan kalmar. Ta dubi na hannun nas, ta dubi na bango. "Ni na goya ka, na yi jinyar ƙyandarka, na kai ka makaranta kana ihu. A ce za a saye ka, a rasa abin da za a saye ka da shi sai agogon da ke latti da minti goma? Ko ciniki ba ka yi ba?"

Daidai nan turare ya shigo, Mai Jaka na biye da shi.

"Ranka ya daɗe! A'a, Mama ce? Sannu Mama, ya ƙarfin jiki?"

"Kai ne mai agogon?"

"Kamfaninmu ne, Mama. 'Yar kyauta ce."

"Ba kyauta ba ce, yaro, ni na saya. Ni da mata goma sha ɗaya. Kana da tsawo, sauko mini da shi."

Mai Jaka ya dubi Likita yana neman ceto. Likita ya sunkuya, ya jawo takarda, ya ɗauki biron kamfani. Wannan karon sai da ya riƙe shi da kyau, ya rubuta sunan mai farin kwalin harafi bayan harafi, yadda ko Mai Jaka da ke tsaye zai iya karantawa. A ƙasa ya sa: ɗaya kullum da safe. Ya ciro ƙwaya ɗaya daga kabad, nas ta kawo ruwa a kofin Kwantaril, Gwaggo ta haɗiye a gabansu, ta jefa kofin a jakarta.

"Za ki zauna awa ɗaya mu sake aunawa," in ji Likita. "Gobe kuma ki turo mini matan, dukansu. Mai ɗinki ta fara zuwa, ta bar rezar a gida."

"Za su zo. Ka tanadi kunne, don kowacce da abin da za ta gaya maka."

Mai Jaka ya sauko da agogon, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗora shi a cinya, ta juya bayansa, ta murɗa ta ƙara masa minti goman da ya ci.

"Da shi zan riƙa duba lokacin shan mai arhar," ta ce. "Miƙo lemar nan ma, rana ta yi."