Tela da Haƙorin Gaba

Almakashi uku ne a kan teburin Tela, amma tun yana saurayi da haƙori yake yanke zare. Ranar da ya kurɓi ruwan sanyi ya ji zugi har tsakar ka, sai ga gogan naka gaban likitar haƙori, baki wangame.

"Baba, ɓawon haƙorin gaban nan ya cinye, saura ƙiris ya tsage," in ji ta. "Ka samu man goge baki mai fulorayid, safe da dare. Shi ke ƙarfafa ɓawon, ya hana ruɓewa. In ka goge ka tofar kawai, ban da kuskure baki. Abin da ya ɓalle kuwa ba ya dawowa, don haka zare a bar wa almakashi."

Tsoro ya kama shi sosai, don duk duniya ba abin da ya tsana irin wawulo. Sai dai maganar mai ya riƙe, ta almakashi tun a bakin ƙofa ta zube.

Kafin wata ya zagayo Tela ya zama shehi. Da tabarau yake karanta jikin kwalin man. Da safe yana tsaye a bakin famfo kamar ɗan sanda, ba mai kuskure baki a gidansa.

"Malam, don Allah ka bar mu mu sha iska," in ji matarsa.

Ina! Har masu kawo ɗinki ba su tsira ba, ana awo ana karatu.

Ran nan wani direba ya kawo kwat maɓalli ya fita. Tela ya ɗauko zaren roba mai kauri, yana ɗinki yana zuba bayani.

"Ka ga haƙorin nan, ɗana? Likita ta kusa fid da rai. Yanzu ko ruwan ƙanƙara sai in sha."

Ya ɗaure zaren, ya kai baki kamar kullum. Ƙas!

Zare na nan daram. Rabin haƙori ne a tafin hannunsa. Ya kai harshe wurin, ya ji iska na shiga, hawaye ya cika masa ido.

Direba ya sunkuyar da kai. "Sannu, Baba. Wane mai ka ce, don in kiyaye?"

Tela ya rufe baki da hannu. "Sayi abinka, ɗana. Mai ya yi aikinsa, mai bakin ne sakarai."

Ya jefa guntun a gwangwanin maɓallai, don ya kasa yarwa.