Shinge a Maƙabarta

"Al'ummar da ba ta ware matattunta ba, ba ta isa a kira ta al'umma ba." Haka Naum malamin makaranta ya faɗa ranar da ake kafa shinge a tsakiyar maƙabarta. Sarkin Santambul, wanda ƙarfinsa ya ƙare sai na sa hannu, ya yarje wa kowane ƙauye ya zaɓi cocinsa, na Girkawa ko na Bulgeriyawa. Ƙauyen nan ya zaɓi duka biyun.

Shingen ya bar kabarin Dafina, uwar Naum, a ɓangaren Girkawa, ita da har ta mutu ba ta iya ko gaisuwa da Girkanci ba. Gidansu kuwa tuni Naum ya rubuta shi cikin Bulgeriyawa.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da mahaifinsa Kuzman, maƙwabciyarsu Donka ce ke kawo romo. Shekara arba'in suna faɗa kan kajinta da ke cinye masa kabeji.

"Ke mai kajin tsiya," ya ce mata, "shekara shida ina gaya wa Dafina ta rage mini wuri kusa da ita. Yanzu wai ta zama baƙuwa."

"Sha romonka, tsohon banza. Ɗaya daga cikin kajin na yanka, ka rama."

Ya rasu ran Laraba. Aka binne shi a ɓangaren Bulgeriyawa, Naum ya yi jawabi har masu haƙa suka zauna.

Bisa al'ada, bayan wasu shekaru mata kan tono ƙasusuwan mamaci, su wanke da ruwan inabi, su mayar. Donka, wadda ke cocin Girkawa don mijinta na kwance a ɓangarensu, ta ce lokacin Dafina ya yi. Ta tono ƙasusuwan, ta wanke, ta naɗe a farin zane, ta sa a kwando. Da rana tsaka ta fita ta ƙofar ɓangaren Girkawa, ta shiga ta ƙofar ɓangaren Bulgeriyawa, ta binne su a gefen Kuzman.

Limamin Girkawa ya haramta mata ƙofar cocinsa da ta ɓangarensu na maƙabarta, a raye ko a mace. Naum ya rubuta wa jarida cewa har matattu sun fara gane asalinsu.

Kabarin mijin Donka taku biyu ne daga shingen. Duk Asabar takan ɗaura ludayi a bakin sanda, ta zura ta tsakanin itatuwan, ta ba furanninsa ruwa. Rabin ruwan a hanya yake zubewa.