Albarkacin Biskit

"Nay, a hankali mana! Kina girgiza shi fa."

Soling ta sassauta turin keken jariran, don 'yarta ce ke magana; Nay kuwa Inna ke nan a yarensu. Gadar katakon da aka shimfiɗa a kan fadamar duk gaɓa-gaɓa ce, taya na hawa sai ta yi ƙwas, ga gwiwarta ta hagu ita ma tana nata kukan. A cikin keken, ƙarƙashin 'yar laima da ɗan fanka mai batir, Biskit ne kwance ya ɗora haɓa a kan matashi. Farin kare ne mai gashi kamar shaɓaɓɓiyar auduga, an sa masa jajayen takalma a duk ƙafafunsa, alhali tun da suka iso bai taka ƙasa ba.

'Yarta Divina tana gaba tana tafiya da baya don ta ɗauki hoto. Mijinta Renato yana biye da jakar kayan karen, ya yi gumi sharkaf. Tun da mai renon Biskit ta tattara komatsanta ta koma garinsu ya daina cin abinci, likitan dabbobi kuma ya ce damuwa ce, a kai shi ya sha iska. Shi ya sa ran Asabar suka baro Manila suka zo wannan fadama da hukuma ta killace, inda mutanen birni ke yankar tikiti don su kalli taɓo da balbelu. A cikin irin wannan taɓon aka haifi Soling, ta tsufa tana kamun ƙaguwa a ciki, ba ta taɓa sanin abin kallo ba ne.

Ita dai ba yawo ya kawo ta birni ba. Guguwar watan jiya ta yaye mata rufin ɗaki ta haɗa da bango guda. A waya ta ce wa Divina 'yan kwanuka ne kawai suka tashi, don ita ba ta iya kai kuka ba. Tun ranar a gidan maƙwabciyarta take raɓe, ga shi ɗan maƙwabciyar zai dawo daga aikin jirgin ruwa da amaryarsa ƙarshen wata, ɗakin kuma nasa ne. Ta tsara maganarta tsaf a cikin bas, za ta ce a ba ta ɗaki na biyu a gidan Divina. Da ta iso ta leƙa ɗakin sai ta tarar da na'urar sanyi, da ɗan gado, da kwandon kayan wasa, da sunan mai ɗakin, Biskit, a jikin ƙofa. Nan take bakinta ya yi nauyi.

"Anak, 'yata," ta ce wa Divina a kan gadar, "akwai wata magana da nake so..."

"Shsh, Nay! Ba ki ga allo ba? Tsuntsaye na kwanci, ba a ɗaga murya."

Suka ci karo da wata mata mai ƙaton gilashi, ta goyo nata karen a ƙirji. Aka tsaya gaisuwa. Ya jikin Biskit? Ya kashin Choko, ya daidaita? Wane sabulu kuke yi masa? Mazan suka yi musayar lambar wani mai tausar karnuka. Can matar ta dubi Soling daga silifa har kai.

"Ashe kin dace da sabuwar mai reno. Ina kika samo ta? Ga alama tana da tsabta."

"Haba! Mahaifiyata ce," in ji Divina tana dariya. "Kakarsa ce."

"Ayya, yi haƙuri! Sannu, Kaka. Jikan naki ya gaji kyau."

Soling ta yi murmushi, irin wanda ake yi in an taka wa mutum ƙafa a coci. Shekara da shekaru tana kunna kyandir tana roƙon jika, ga abin da aka ba ta, har da wutsiya.

Da suka kai hasumiyar kallon tsuntsaye, Divina da Renato suka haye sama, suka bar ta a benci da gargaɗin kada rana ta taɓa shi. Yunwa kuwa ta ishe ta, don karin kumallon gidan ruwan ganye ne kore shar a kofi. Ta waiga dama da hagu, sannan ta zaro ƙunshinta daga ƙasan jaka: shinkafa a ganyen ayaba, da soyayyen busasshen kifin da ta taho da shi daga ƙauye. Leda kan leda ta naɗe shi, don a benen su Divina warin kifin nan laifi ne da ake kira wa taro.

Tana kwancewa hancin Biskit ya motsa. Ya ɗaga kai. Ya miƙe zaune.

"Kai, ɗan nema," ta ce. "Ashe da ranka."

Ta gutsura masa kan kifin. Ko taunawa bai yi ba. Ta dunƙula masa shinkafa da romon man, ya lashe har tsakanin yatsunta.

"Damuwa wai! Yunwa ce ke cinka. Kullum abinci kamar tsakuwa a kwano, wa zai ci? To saurara, tunda kai ne mai ɗaki. Ni ba ni da minshari, ba ni da kaya sai jaka ɗaya. Lungu kawai nake so." Sai ta ji haushin kanta. Ga ta gotai-gotai da ita tana neman alfarma wurin kare.

Jin takunsu a matakala ya sa ta cusa ƙunshin a jaka, ta goge hannu a gefen siket, ta miƙe ta matsa bakin gadar kamar mai kallon ruwa. Sai ta ji dirowa a bayanta. Biskit ne, yana tangaɗi cikin takalmansa, yana kaɗa wutsiya, ya liƙe mata a ƙafa. Ta matsa, ya bi ta. Ta juya, ya juya.

Divina ta toshe baki da hannu biyu. "Renato! Yana tafiya! Ɗauka, ɗauka!"

"Ina ɗauka. Dubi yadda yake lasar hannunta! Kai, jini ba wasa ba ne, ya gane kakarsa." Ya ɗan shinshina iska. "Amma wane irin wari ne haka?"

"Fadama ce," in ji Soling. "Haka take."

Suka kama hanyar komawa, Renato na tura keke babu kowa a ciki, kare na bin tsohuwa da jakarta. Mata da miji suka ja baya suna ƙus-ƙus. Can Divina ta ƙaraso da gudu-gudu, idanunta jawur, ta kama hannun uwarta.

"Nay, zan roƙe ki wani abu, kada ki ce a'a. Ki dawo wurinmu da zama. Ɗakinsa yana da fili, sai mu saka miki gado kusa da nasa. Ba ya yarda da kowa, Nay, ke kaɗai ya yarda da ke."

Soling ta tsaya cak. Abin da ta kwana tana juyi a kansa, ga shi an miƙo mata ba ta ko buɗe baki ba. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, ta kuma san sarai wace ce ƙadangaren. Daɗi ya kama ta, takaici ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara haɗiyewa. Ta buɗe baki za ta ce to, sai ta ji wata magana daban ta fito.

"Gidana fa? Wa zan bar wa?"

"A rufe shi mana! Don Allah, Nay."

"Ga maƙwabta, ga coci. Ni birni ba ya karɓata."

"Duk abin da kike so za a yi. Renato, yi magana mana!"

"Ki taimake mu, Nay," in ji Renato.

Divina ta rungume hannun ta kwantar da kai a kafaɗarta, tana ja kamar yadda take yi tana ƙarama in ta ga mai alewa. Soling ba ta manta don wa ake roƙon ba, abin kuma yana yi mata ciwo har cikin ƙashi. Amma ta kasa tuna ranar ƙarshe da yarinyar nan ta riƙe ta haka. Ta hangi ƙofar fita can da sauran tafiya, sai ta ƙara rage sauri.

"Muna buƙatarki, Nay. Wallahi muna buƙatarki."

Soling ta karkato kai.

"Sake faɗa, anak. Kunnen nan nawa ba ya ji sosai."