Injin Awon Jinin Direba

Injin ya sake matse hannun direban, ya yi ƙugi kamar kwaɗo a cikin tulu, sannan ya sake shi. Lambobin suka fito jajaye, sun haura ɗari biyu.

"Ƙarya yake yi," in ji shi.

'Yarsa ce ta sayo masa shi ta intanet, saboda ciwon kan da ke kama shi a kan sitiyari. Tun safe yake gwaji. Ya ɗaura wa matarsa, lafiya lau. Ya ɗaura wa maƙwabci, lafiya lau. Har ƙafar tebur ya ɗaura wa, injin ya yi gum. Shi kaɗai yake yi wa jan ido.

"Rubuta wa mai kayan, ki ce lalatacce ne. Ya dawo mana da kuɗinmu," ya ce wa 'yar.

"Baba, in sa har da sakamakon tebur?"

"Rubuta dai, uwar surutu."

Mai kayan ya amsa nan take: shi ba ya mayar da kuɗi da fatar baki. Sai an ɗauki bidiyo, injinsa a hannu ɗaya, na asibiti a ɗayan, a ga bambanci.

Direban ba ya ƙaunar asibiti. Can wansa ya shiga da ƙafarsa, aka fito da shi a kwance. Kuma in aka rubuta masa hawan jini, kamfani zai karɓe makullin bas. Amma in ya ƙi zuwa, injin ya yi gaskiya ke nan. Ya rungumi kwalin, suka fita.

A ɗakin awo, ma'aikaciyar jinya ta yi dariya da ta ji abin da ya kawo su. "To Baba, miƙo hannuwan duka." 'Yar ta ɗaga waya. Injina biyu suka damƙe shi tare, dama da hagu. Ya runtse ido, jini na buga masa ganga a kunne, yana roƙon Allah Ya sa mai kayan damfararsa ya yi.

Dariyar ma'aikaciyar ta ɗauke.

"An ga bambancin?" ya tambaya, ido a rufe.

"Kada ka tashi, Baba," ta ce a hankali. Ta leƙa ƙofa tana kiran likita.

'Yar ta sauke wayar. Lambobin injinan biyu sun zo ɗaya. Saƙon mai kayan ne ya shigo: in sun gamsu da kaya, don Allah su ba shi taurari biyar na yabo a shafinsa.