Sawun da ke Shafi na Huɗu

Maki ɗaya ya hana Filimon Mang aikin rakiyar masu zuwa kallon namun daji. An faɗa masa sakamakon ranar Talata da hantsi, a ofishin wani ƙaramin kamfanin tafiye-tafiye da ke titi na 116 a unguwar Harlem, a birnin New York. Mutumin da ya shekara goma sha tara yana bin sawun giwa a dajin Yankari, kafin ya koma tuƙin motar marasa lafiya a unguwar Bronx ta birnin, ya ci goma sha huɗu cikin ashirin. Sha biyar ake nema.

'Yarsa Keziya ce ta ga tallar. Kamfanin zai kai mutum goma sha biyu Tanzaniya, babu wanda ya taɓa shiga daji a cikinsu, ana neman dattijon da zai raka su. Filimon bai gaya wa kowa ba, amma shekara tara rabonsa da jin warin kashin giwa, kuma yana so ya sake ji kafin gwiwoyinsa su gaza.

Daga ɗan littafin kamfanin aka ciro jarrabawar, littafin kalmomin da ya kamata sabon shiga ya sani. Mako guda ya yi yana haddar su a jirgin ƙasa. Game drive, zagayen daji a mota. Sundowner, tsayawa a sha wani abu idan rana za ta faɗi. Big Five: zaki, giwa, ɓauna, damisa da karkanda. Ya yi tsaki da ya ga babu dorina, wadda ta fi yawancinsu ɓarna, amma ya haddace. Kalmomin Suwahili biyar da ke cikin littafin sun kuɓuce masa ranar jarrabawa. Wannan bai yi musu ba.

Tambaya ta ƙarshe hoto ce, sawun dabba a cikin laka. Littafin ya ce na zaki ne. Filimon ya rubuta kura.

Mai kamfanin, Adwoa, 'yar Zangon Kumasi a Ghana, ta buɗe littafin a gabansa.

"Baba, shafi na huɗu fa. Ka karanta ko ba ka karanta ba?"

"Na karanta, Madam, shi ya sa nake gaya miki. Kin ga ɗigon nan a gaban kowane yatsa? Farce ne. Zaki ɓoye faratansa yake yi idan yana tafiya, kamar kyanwa. Kura ce ke yawo da nata a waje."

"Daga Arusha, can Tanzaniya, abokan aikinmu suka turo hoton."

"To, a Arusha ma kura ce."

Adwoa ta tura masa biro. "Goge ka rubuta zaki, in ba ka makin. Mutanen nan hoto za su ɗauka su dawo, ba farauta za su je ba."

Filimon ya daɗe yana kallon biron. Ya tuna kujerar gaban mota da asuba, da sanyin ciyawa.

"In rubuta da hannuna? Sannan in tsaya gaban mutum goma sha biyu, su nuna mini sawun kura in ce zaki ne? Direban can sai ya faɗo daga mota don dariya." Ya miƙe. "Wanda ya haddace sundowner ya ci, ni da giwa ta kora sau uku na faɗi!"

"Baba, kada ka yi mini ihu a ofis."

"Ba da ke nake ba. Da shafi na huɗu nake."

Ya bar biron a kan tebur. Yana bakin ƙofa Adwoa ta ce za ta mayar da hoton Arusha a sake dubawa. Idan sun ce kura ce, makin nasa ne.

An riga an buga littafin guda ɗari biyar. Jirgin Tanzaniya zai tashi ranar ashirin ga wata, kuma gurbin mai rakiya babu suna. Har yammacin Juma'a, Arusha ba su amsa ba.